Wuyan Randar Kaka

Ranar da Kaka ta rasu, kowa da irin kukan da ya zo da shi. Matan unguwa da suka saba sayen tukwane a hannunta sun shigo da salati, suna tambayar juna wa zai ƙara gina musu tukunyar da ba ta yoyo. Danginmu na Dabai, waɗanda suka bi coci, sun iso a kan babura suka zauna tabarma ɗaya da masu jan carbi, ba wanda ya matsa wa wani. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta rufe shagonta tun hantsi, ta zauna bakin ƙofar ɗakin tana share hawaye da gefen zane, tana cewa, "Mama ta tafi. Yanzu wa zai zage ni da safe?"

Gwaggo, 'yar Kaka tilo mace, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ita ta yi mata wanka, ita ta share tsakar gida bayan an fita da makara, sannan ta ɗauki bokiti ta cika randar da ke ƙarƙashin rumfa, don masu gaisuwa za su sha ruwa.

A nan Baffa ya same ta. Shi ne babban ɗan Kaka, yayan mahaifina marigayi, ɗan kasuwar hatsi, mutum mai fara'a da kyauta in ba a taɓo wannan randa ba. Ya dawo daga maƙabarta, ƙishi na cin sa, Gwaggo ta miƙa masa moɗa. Bai karɓa ba. Ya dubi randar, ya ce, "Na yi haƙuri da abin ga saboda tana da rai. Yanzu kam ba shi ƙara mako cikin gidan ga."

Gwaggo ta shanye ruwan da kanta, ta mayar da murfi. Ni kuwa na san Baffa ba ya faɗa ya fasa. A wannan randa kaɗai tarihin wata mace ya rage, kuma wadda ke tsaron ta an binne ta yanzu-yanzu. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a tuna Kaka da cewa tsohuwa ce mai haƙuri, Allah ya jiƙan ta, shi ke nan. Ba ta da haƙuri ko kaɗan, kuma da ta ji an yi mata wannan ƙarya da ta tashi.

Bari in faɗi yadda randar take. Babba ce, baƙa wuluk, tana cin ruwan da zai ishe gida yini guda. Murfinta kan mace ne: ga kitso, ga tsagar fuska irin ta mutanenmu Lelna, ga idanu suna kallon wanda ya zo ɗiba tsaye. Bakinta a rufe yake gam. A da can, kafin addinai su shigo, matanmu kan gina tukwane masu kan mutum a ɗora a kan kushewa. Duk wanda ya taɓa ganin su a tsofaffin kufai ya san fuskokinsu sama suke kallo, baki a buɗe, suna kuka. Ta Kaka ba ta kallon sama, ba ta kuma kuka. Sannan akwai wuyanta. Kowace tukunya da ta fito daga hannun Kaka, daga ta miya har tulu, sai ta murza 'yar igiya ta birgima ta a wuyan tukunyar tun yumɓu yana ɗanye, ya bar zane mai kyau kamar saƙa. Haka maginan ƙasarmu duka ke yi. Wannan randa kaɗai wuyanta sumul yake, babu ko ɗigo.

A hannun Kaka na tashi, don mahaifina ya rasu ina rarrafe. Maginiya ce tun tana budurwa. Da ta musulunta ta daina gina tukwanen kushewa, ta riƙe salla ƙam, amma ba ta ajiye yumɓu ba sai da gwiwa ta ƙi. Hausarta ta kasuwa ce, tana ja tana haɗawa da yarenmu, kuma zagi ya fi daɗi a bakinta da kowane yare. In mai saye ya ƙwanƙwasa tukunya ya yi jim kamar masani, sai ta ce, "Ƙwanƙwasa kanka mu ji, wanne ya fi ƙara?" In yaro ya fasa kasko, ba ta duka. Cewa take yi a kawo gutsattsarin, ko ɗaya kada a zubar. Tana da kwando a bayan rumbu cike da tsingaro, wato fasassun tukwane. Duk ranar da za ta kwaɓa yumɓu sai ta ɗebo, ta zuba a turmi, ta daka har ya zama gari, ta tankaɗe, ta cuɗa cikin sabon yumɓun. Tana cewa sabon yumɓu shi kaɗai rago ne, da ya ji wuta sai ya tsage, sai an sa masa wanda ya riga ya sha wuta. Maza ba sa zama wurin wannan aiki. Baffa ya girma a gidan, amma ban jin ya taɓa tsayawa ya ga abin da ake dakawa.

Labarin randar ba a ɓoye yake ba. Kaka na ba da shi ga duk wanda ya ɗaga murfin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

"Gaida ta tukuna," za ta ce. "Kakata ta. Masu dawaki sunka kama ta tana ɗibar ruwa, tana sabuwar amarya. Sunka ɗaura mata igiya ga wuya, sunka tahi da ita birni. Wani mai rawani ya aje ta cikin gida nai. Ba aure ba, aje ta ya yi, kamar yadda kake aje tunkiya. Ya canza mata suna. Mutanenmu nan sunka jira, sunka gaji, sunka ce ta mutu. Anka yi mata makoki, anka gina mata tukunya mai buɗaɗɗen baki, anka ɗora bisa kushewar da babu kowa ciki. Shekaru na tahiya, ran nan sai ga ta ta hawo dutse da ƙafa, da jinjiri fari sol ga baya. Mutane sunka watse, wai fatalwa. Ta ce a nuna mata kabarinta. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, wa ya ce muku kuka nike? Ta sauke tukunyar, ta gyara mata baki, ta zuba ruwa, ta sha."

Ina yarinya nakan tambaye ta yadda ake gyara bakin tukunyar da ta riga ta gasu. Sai ta ce in na yi hankali zan sani, in kuma ban yi ba sanin ba zai amfane ni ba.

Jinjirin nan fari shi ne mahaifin Kaka, kuma daga gare shi hasken fata ya shigo gidanmu. A nan rigimarta da Baffa take. Baffa fari ne, dogo, mai siririn hanci. A kasuwannin da yake kai dawa, in an tambaye shi asalinsa, yakan ce su jinin sarauta ne daga arewa, zama ne ya kawo su Zuru. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Yana saurayi ya sha jin abokan ciniki na kiran mutanenmu da sunayen da ba zan rubuta ba, ana dariya, ana cewa kakanninsu ne suka riƙa sayar da namu. Mutum yakan gaji da zama abin dariya. Amma Kaka ba ta san wannan uzuri ba.

Wata rana ya kawo baƙi, manyan 'yan kasuwa, suka shigo gaishe ta. Ɗaya ya yaba hasken gidan, ya ce da gani an san jinin manya ne. Baffa ya yi murmushi. Kaka tana zaune da yumɓu har gwiwar hannu, ta ce, "Gaskiya na, Alhaji, jinin manya na. Sai dai ba ta ƙofa ya shigo ba. Tambayi wagga, ita ta ɗauko shi ga baya." Ta nuna randa da haɓa. Sannan ta ba su labarin tun daga rafi har kushewa, ba ta rage ko igiyar ba.

Bayan sun tafi Baffa ya dawo yana huci. "Inna, so kike ki tozarta ni? Ki ce ma mutane mu ɗiyan baiwa na?"

"Ɗiyan wadda ta dawo," in ji ta. "Kai ka zaɓi wanda ya ɗaure, ni na zaɓi wadda ta kwance. Kowa ya riƙe kakansa."

Daga ranar ya daina shan ruwan randar. Ya koma cewa gunki ce, surar mutum ce, mala'iku ba sa shiga gidan da take. Wataƙila ya yarda da hakan har zuciyarsa, ba ni da hurumin shiga tsakaninsa da Ubangijinsa. Kaka dai ta ce ba ta taɓa yi wa randa sujada ba, ruwa take sha, kuma da ruwanta take alwala.

Ni ma mun yi tamu rigimar da ita, kuma har ta koma ga Allah ba mu shirya a kai ba. Zane na karanta, shi nake koyarwa yanzu a makarantar 'yan mata. Lokacin da za mu gama karatu aka ce kowa ya zana abin da ya fi ci masa rai. Na zana kakar Kaka: tsirara daga ƙugu, igiya a wuya, ƙurar dawaki a bayanta, idanu jajur. Malamai sun yaba, an rataye shi a zaure mutane suna tsayawa suna girgiza kai. Na naɗo shi na kawo gida ina jin kaina, na warware a gabanta.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ta wagga?"

"Kakarki ce, Kaka."

"Mi kinka sa mata ga wuya?"

"Igiya. Ai ke kika ce sun ɗaure ta."

"Su sunka ɗaure ta, ta kwance. Ke kin zo kin maida mata, kin rataye ta ga bango inda ba ta iya kwancewa. Kuma kin tuɓe ta, maza na wucewa suna kallo. Mai rawanin ma cikin ɗaki ya aje ta."

Na ji zafi, na kuma ba ta amsa, don ita ta koya mini rashin yin shiru. Na ce in ba a nuna igiyar ba, waɗanda suka ɗaura ta sun sha ke nan. Jikokinsu za su ce ba a yi ba, namu su ce jinin sarauta ne. Na ce randarta kyakkyawa ce, amma wanda bai ji labari ba zai ɗauka wata mace ce kawai mai taurin kai.

"To mi ta, in ba mace mai taurin kai ba?" in ji Kaka. "Igiya tasu ta. In kina son zanen igiya, zana su, ki sa musu ga hannu. Ki bar min wuyan kakata."

Ta ƙi cin tsarabar da na kawo mata, ta ba maƙwabta. Ni ma na ƙi yaga zanen, yana nan a ɗakina. Har yau ina ganin ina da gaskiya rabi. Abin da aka yi an yi, kuma wajibi ne ya bar alama a wani wuri. Amma tun daga ranar, in ɗalibaina suka zana mace tana kuka, nakan tambaye su ko ita ta ce musu kuka take.

Masu dawaki ba su ƙare ba, babura suka hau. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan wajen Wasagu, wata mata ta iso unguwarmu. Sun ɗauke ta daga gona, ta yi watanni a daji, ta dawo da ciki. Dangin mijinta ba su kore ta da baki ba, sai dai aka ware mata kwano, aka daina amsa mata sallama da kyau, har ta gane. Tana raɓe a wani kango, mata na nuna ta da baki. Kaka ta aika aka kira ta. Ba ta yi mata jaje ba, ba ta ce sannu ba. Ta ce, "Ɗaga murfin can ki sha ruwa. Gaida ta tukuna." Ta ba ta labarin, sannan ta tura mata curin yumɓu ta ce, "Hannunki lahiya lau yake, zauna." A gidanmu ta haihu. Da wata maƙwabciya ta leƙa jaririn ta ce ko da wa ya yi kama, Kaka ta ce, "Da wadda ta haife shi. Ke da wa kinka yi kama, da baki haka?" Matar nan ita ce ta gaji hannun Kaka a gini, fiye da Gwaggo, nesa da ni.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, baƙi sun ragu, Baffa ya shigo. Ni da Gwaggo da matar Wasagu muna wanke kwanoni. Na tashi na tsaya tsakaninsa da rumfa. Na ce, "Baffa, don Allah ka bar ni in tafi da ita gidana. Ba za ka ƙara ganin ta ba."

"Ki kai ta makaranta ki nuna ma duniya? Na san ki. Matsa, ɗiyata."

Ban matsa ba, sai da Gwaggo ta kamo hannuna ta ja ni gefe. Na yi mamakin ta, na ji haushin ta ƙwarai. Baffa ya tuntsurar da ruwan, ya ɗauki taɓarya. Bugu na farko ya raba cikin randar, na biyu ya sami kan. Fuskar da na buɗe ido na gani tun ina rarrafe ta tarwatse a tsakar gida. Na durƙusa ina kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don a lokacin ne na ji Kaka ta mutu da gaske.

Baffa ya jingine taɓarya ya ce, "Shi ke nan. A share a zubar."

Gwaggo ta ce, "An gode, Yaya. Ka hutar da ni, dama ina ta tunanin wa zai iya ɗaga mata hannu."

Ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa, ta shiga tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Matar Wasagu ta mirgino turmi ba tare da an ce mata komai ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Tashi, ke mai tambayar yadda ake gyara bakin gasasshiyar tukunya. Haka kakar Inna ta yi. Ta fasa ta kushewar da hannunta, ta daka, ta cuɗa da sabon yumɓu, ta gina wadda take so. Da ta mutu surukarta ta fasa ta sake. Inna ma da ta gaje ta haka ta yi, ina ƙarama ina riƙe mata rariya. Kowace mai ita in ta tahi, sai an fasa. Garin ta farko na nan ciki."

Baffa ya tsaya kamar an dasa shi. Gwaggo ta ɗauki taɓaryar da ya ajiye, ita ɗin dai, ta fara daka. Matar Wasagu ta ɗauki ta biyu. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta ji sautin ta leƙo, ta tambaya ko a gidan makoki ake daka haka, da aka gaya mata sai ta ɗaure zane ta karɓa. Har zaure ana jin lugude. Baffa ya juya ya fita. Bai hana ba, bai kuma yarda ba, kuma ba zan yi masa ƙaryar cewa ya sauya ra'ayi ba.

Matar Wasagu ce ta gina cikin randar, don hannuna ba zai iya ba. Ni aka bar wa kan. Na yi kitson, na yi tsagar, na buɗe idanun suna kallon gaba, na rufe bakin. Da na ja baya na duba, sai na ga ba fuskar da na sani ba ce ta fito. Haɓar Kaka ce, da ɗan karkacewar leɓenta in za ta yi zagi. Gwaggo ta ce haka ake yi, kowace tana fitowa da fuskar wadda ta tafi.

Saura wuya. 'Yar igiyar Kaka na rataye a ƙusa inda ta bar ta, ta yi baƙi da yumɓun shekaru. Na ɗauko ta. Gwaggo ta bi hannuna da kallo. Babu mai hana ni yanzu, wadda za ta zage ni tana ƙarƙashin ƙasa. Na daɗe riƙe da ita. Sannan na ce su taya ni kifa randar. A ƙasanta, daidai inda take taɓa ƙasa in an girke ta, na birgima igiyar, na danna sosai har zanen ya fito raɗau. Muka mayar da ita tsaye. Na jiƙa tafin hannuna na shafe wuyan, ya yi sumul.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya yafe miki zagin da kika yi da wanda ba ki samu kin yi ba, ya shayar da ke ruwan da ya fi na randarki sanyi. Rigimarmu kuwa ga inda na tsaya: igiyar tana nan, ban yarda a ce ba a yi ba. Amma ba a wuyanta take ba. A kanta take zaune.